Waya Ba Ta Da Hanci

Kantina ba shi da ƙofa, ba shi da kwaɗo,
faɗinsa bai wuce tafin hannuna ba.
Fuskarsa ta tsage tun ranar da na zame
a Kejetiya, rungume da buhun citta.
Ta wannan tsagar nake leƙen duniya,
ita ma ta nan take leƙo ni, in ta ga dama.

A Abuwabo, ɗaki guda,
zoɓo na shan rana a bisa kwano,
na'ana'a kuwa sai inuwa, don rana ɓarauniyar ƙamshi ce.
Kanumfari bakwai a kowane ƙulli.
Haka Inna Lamisi ta koya mini,
ta ce na takwas ɗin faɗa yake nema da harshe.

Sai dai waya ba ta da hanci.
Na ɗauki hoton kofi sau talatin,
tururi ya shiga, ƙamshi ya tsaya a ɗaki.
Mutum ɗari sun danna alamar so,
babu wanda ya ce nawa ne.
Mai gida kuma ba ya karɓar so a kuɗin haya.

Kwanduna daga Bolga suke zuwa a motar dare,
saƙar Apoka, wadda ban taɓa ganin fuskarta ba.
Muryarta na sani, da tarin da take yi kafin ta faɗi farashi.

Wani mai zaƙin baki ya ce daga Tema yake,
ya ce goma sha biyu, ya ce yau-yau.
Saƙon momo ya shigo, na yi guɗa ni kaɗai,
Kwabena ya ɗaure kaya a babur ya kai tasha.
Da yamma na je cirar kuɗi,
yaron rumfa ya dubi saƙon, ya dube ni,
ya miƙo mini wayar a hankali kamar mai miƙa gaisuwar mutuwa.

Na kira Apoka. Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke.
Ta ce, ciyawa za ta sake tsirowa, Fusaina,
yatsuna ne ba sa tsirowa.
Sidi hamsin-hamsin na biya ta,
'yan kunnena suka cika ragowar.

Sai damina.
Kwata ta cika ta shigo mini babu sallama,
ta tarar da ƙulli ɗari biyu a ƙarƙashin gado.
Da asuba daɓen ɗakina ja wur,
citta na yawo, kimba na iyo.
Shayi mafi girma da na taɓa haɗawa,
kwatar Abuwabo ce ta shanye.
Na yi dariya tukuna. Kukan sai da na idar da salla.

Abin da ya tsira bai kai na sayarwa ba,
sai na riƙa jefa ƙulli ɗaya a gindin kowane kwando,
ban ce komai ba, ban rubuta ba.

Ƙarfe biyun dare, an ɗauke wuta,
kantina ya yi haske a ƙarƙashin matashi.
Akosuwa ce, mai aikin jinya, tana aikin dare:
Me kika sa a kwandon nan?
Duk ɗakin masu haihuwa tambaya suke.
Uku ta saya. Mako na gaba, tara.

Ban yi arziki ba, kada a kai labari.
Littafin bashi bai rufe bakinsa ba,
sidi na ramewa kullum kamar mai jinya.
Amma yanzu sai na ƙirga kuɗi da idona
kafin Kwabena ya tayar da babur,
kaya kuma sun koma saman kabad.

Ga hadari can ya haɗo ta gabas.
Bari in kwashe zoɓo.